Belmiro Mai Binne Masu Rai

Yayana Belmiro Drumond mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya tsaya yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. Shekara bakwai ya ba ni. Mu biyu muka rage a nan tsibirin Porto Santo cikin 'ya'ya biyar da iyayenmu suka haifa: ɗaya ta rasu tun tana goye, biyu sun tafi Venezuela ba su dawo ba. Ni sunana Guilhermina, ina da rumfar gasa burodi da man tafarnuwa a bakin teku, taku kaɗan daga inda yake aikinsa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Mahaifinmu yana da 'yar gonar inabi a Campo de Baixo wadda ta gangara har bakin yashi. Belmiro yana da shekara goma sha shida wani baƙo ya zo daga Lisbon, mai farar riga da yawan murmushi. Ya zauna a tsakar gidanmu, ya ci ɓaure, ya yabi girkin mahaifiyarmu, ya ce ɗan ƙaramin gida yake so ya gina wa uwarsa mai ciwon ƙafa. Baba ya sayar masa. Uwar dai har yau ba mu gan ta ba. Abin da ya tsiro a wurin otal ne mai hawa huɗu, kuma inda Baba yake ɗaure jakinsa nan aka haƙa wurin ninkaya. Bayan haka aka ɗauki Belmiro soja, aka kai shi yaƙi a ƙasar Gine shekara biyu. Ya dawo ba ya zama ya ba ƙofa baya.

Ya taɓa neman aure sau ɗaya. Sunanta Leonilde, 'yar mai gidan niƙa, har an sa rana. Sai ya ga mai raba wasiƙu ya miƙa mata wasiƙa daga Funchal, babban birnin tsibirin Madeira da ke maƙwabtaka da mu, ta karɓa ta soke a aljihu ba ta buɗe a gabansa ba. Bai tambaye ta ba. Ya yi wata guda yana bin mai raba wasiƙu da ido, ya rage zuwa zance, har ta gaji ta mayar masa da zobensa. Daga baya muka ji wasiƙar daga gwaggonta ce, a kan yadin rigar amarya. Da na faɗa masa sai ya ce haka dai aka ce.

Shekara ashirin ya yi yana kula da furanni a wancan otal ɗin da ya cinye gonarmu. In an tambaye shi yadda yake iyawa, sai ya ce gara yana ciki yana ganin abin da ake yi. Da gwiwoyinsa suka fara ƙin durƙuso ya bar aikin, ya koma sana'ar da kakarmu ta koya masa: turbuɗa masu ciwon gaɓoɓi cikin yashi mai zafi. Tun ƙarfe takwas yake haƙa ramuka shida ko bakwai, tsawon mutum, marasa zurfi, ya bar su rana ta gasa. Wajen sha ɗaya mutum ya kwanta, ya rufe shi daga ƙafa har wuya, ya kafa masa laima, ya ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Rabin awa, ba ƙari. Manyan otal ma suna yi, a cikin ɗakuna masu kiɗa a hankali, amma tsofaffi da yawa sun fi son nasa. Mutanen garinmu, Vila, suna kiransa Mai Binne Masu Rai. Aníbal direban tasi in zai wuce sai ya leƙo ta taga ya ce, "Mutumina, gawa nawa yau?" Belmiro kuma, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Saura rami guda, kai na ajiye wa."

Ya sha gaya mini cewa wanda hannuwansa ke ƙarƙashin yashi baki kaɗai ya rage masa, shi ya sa yake zuba. Ya ji labarin gado da na saki da na 'ya'yan da ba sa kiran waya. Yana sauraron duka, rabi kuma yake ɗauka.

Shekarar da ya cika sittin da biyu, cikin makon ƙarshe na Satumba, mutanen Madeira sun riga sun kwashe laimominsu da 'ya'yansu sun koma, bakin teku ya rage ga tsofaffi da Jamusawa. Wata safiya Aníbal ya sauke mutum biyu a bakin hanya. Tsohuwa ce siririya, za ta kai saba'in da biyar, farin gashinta a taje, yatsunta sun kanannaɗe kamar saiwar inabi. Namijin bai wuce hamsin da 'yan kai ba, kakkaura, mai sanƙo. Bai riƙe mata hannu ba, ɗaukarta ya yi cak daga mota ya sauko da ita kan yashi. Ya ce sunanta Dona Idalina, shi kuma Firmino, ɗan 'yar'uwarta, daga garin Viseu, can babbar ƙasa a tsallaken teku, suka zo. Yana faɗa yana murmushi.

Belmiro ya tambayi matar inda ke yi mata ciwo, Firmino ya amsa. Ya tambaye ta ko tana da hawan jini, domin ba ya binne mai hawan jini, Firmino ya amsa. Ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa tsibirin, ta buɗe baki, Firmino ya riga ta ya ce ta taɓa zuwa, da daɗewa.

Da azahar yayana ya zo rumfa. Ya tsaya sai da ya ga na ciro burodin daga kan dutse, kamar kullum, sannan ya karɓa.

"Mina, matar nan tana da harshe kuwa?"

Na ce tana da shi mana, ta gode mini da na ba ta ruwa. Ya ce to me ya sa wani yake tauna mata magana. Na ce masa ya ci burodinsa.

Kafin kwana huɗu ya tattaro abin da ya ishe shi. Aníbal ya gaya masa cewa a mota mutumin ya ce shi mai jinyarta ne. Matar da ta ba su hayar ɗan gida a bayan coci ta ce shi da bakinsa ya gaya mata mijinta ne, ta ma yi mamaki amma ta ce ba ruwanta. Mutum ɗaya, amsa uku. Ba ta jirgin sama suka zo ba kamar yawancin mutanen babbar ƙasa. Sun sauka Madeira ne, suka kwana, suka shigo jirgin ruwa cikin taro. Wayar matar tana aljihun Firmino, a kashe. Kullum kafin a binne ta yakan ɗiga mata wani abu a ruwa daga 'yar kwalba ruwan ƙasa wadda ba rubutu a jikinta. Kuma kullum, da zarar yashi ya rufe ta, sai ya duba agogo ya ce yana zuwa, ya hau keken da ya yi haya ya nufi tashar jirgin ruwa. Aníbal ya gan shi can: ba ya shiga, ba ya tarar kowa, yana tsayawa ne bayan motocin haya yana kallon masu sauka ɗaya bayan ɗaya, sai an watse ya dawo.

Sai kuma tabon. Belmiro shi ke jera hannuwan mutum a gefensa kafin ya rufe su. A damtsen Dona Idalina, hagu da dama, ya ga shatin da ya fara komawa rawaya, irin wanda riƙo mai ƙarfi ko ɗauri yake bari.

Ni dai gaskiya Firmino ya kwanta mini. Yakan zo ya ce in rage tafarnuwa a nata, ya gutsuttsura burodin ƙanana, ya hura, ya sa mata a baki, ya goge mata haɓa da hankicinsa. Na ga 'ya'yan cikin mutum da ba sa yin rabin haka. Da na faɗa wa Belmiro sai ya ce kazar da za a yanka ma ana watsa mata hatsi.

Ran kwana na tara ba kowa a ramukan sai ita. Firmino ya tafi tasha. Belmiro ya jawo ɗan bencinsa ya zauna kusa da kanta, ya jiƙa tsumma ya canza mata. Ta daɗe tana kallon teku. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ba su san ina nan ba."

Ya ce, "Su wa, Dona Idalina?"

"Valdemar."

Ya tambaye ta wane ne Valdemar, ta ce ɗanta. Ya tambaye ta ko tana so ya sani. Ta lumshe ido, bakinta ya ɗan motsa. Belmiro ya gaya mini daga baya cewa ya yi shekaru yana karanta fuskokin da ba su da jiki, amma wannan ya kasa: ko murmushin mai dabara ne, ko kukan da aka haɗiye. Kafin ya sake tambaya aka ji ƙarar keken Firmino.

Da yake tono ta ranar, hannun rigarta ya ja baya, ya ga ɗan siririn awarwaro na ƙarfe an tura shi can sama kusa da gwiwar hannu, irin wanda ake sa wa masu mantuwa. An zana sunanta a jiki, da lambar waya. Ya karanta sau biyu yana kakkaɓe mata yashi. Ya zo rumfa ya rubuta lambar a jikin takardar naɗe burodi.

Mun yi gardama a kan takardar nan kwana biyu. Na ce masa baƙi sun zo hutu, ba su zo don a bincike su ba. Kowane gida da irin murfin tukunyarsa. Na tuna masa da Leonilde, abin da na yi shekaru ban yi ba. Sai ya ce ita Leonilde ƙafafunta suna aiki, ta iya tafiya ta bar shi, wannan kuwa sai an ɗauke ta. Na ce to ya sake tambayarta ƙiri-ƙiri. Washegari ya tambaye ta. Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce mijinta ya je sayo kankana, yanzu zai dawo, kada a tone ta sai ya zo. Firmino kuwa ya riga ya gaya mini mijin ya shekara goma sha biyu da rasuwa.

Wannan ne ya yanke masa shawara. Ya ce matar da hankalinta ke zuwa yana tafiya, tana hannun mutumin da ke da suna uku, da kwalbar da ba suna ko ɗaya. Ba shi da wayar hannu, bai yarda da su ba. Tawa ya karɓa ya kira lambar, da rana tsaka, ina tsaye ina juya burodi. Na ji yana faɗin sunansa da sunan tsibirin. Ya saurara, ya ce to, ya miƙo mini wayar yana kallonta kamar ta cije shi.

Na ce, "Me ya ce, Yaya?"

"Valdemar ɗin ne. Ya ce kada a bari su bar tsibirin."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Bai tambayi lafiyarta ba."

Washegari da sha ɗaya da kwata Dona Idalina tana cikin raminta, Firmino bai riga ya tafi tasha ba, sai Aníbal ya tsaya a bakin hanya. Wani dogon mutum ya fito da kwat da baƙin takalmi, ɗan sandanmu yana biye da shi yana riƙe da hularsa. Ta jirgin sama ya zo. Firmino ya yi ta gadin ƙofar da ba ta nan za a shigo ba. Mutumin ya ratso yashi yana ɗaga ƙafa kamar mai taka kashin kaji. Ya tsaya a kan uwarsa, wadda kai kaɗai ake gani, ya ce, "Mama, wane irin abu ne wannan?"

Ta juya idanunta a hankali, daga ɗan sanda zuwa ni, daga ni zuwa Belmiro, suka tsaya a kansa. Muryarta ta fita tas, ba alamar ruɗewa.

"Wa ya kira shi?"

Belmiro yana riƙe da shebur. Ya ce, "Ni ne, Dona Idalina."

Ta ce, "Saura kwana biyar fa mu koma." Ta rufe ido.

Abin da ya biyo baya a bakin rumfata aka yi shi, domin nan ne inuwa. Senhor Valdemar ya ce Firmino ba ɗan'uwa ba ne, ba mai jinya ba ne, ba miji ba ne. Direban mahaifinsa ne, wanda ya ci gaba da zama a gidan bayan rasuwar maigida, yana kai ta asibiti yana gyara famfo. Da ciwon mantuwa ya kama ta aka kai ta gidan kula da tsofaffi, shi kuma aka sallame shi. Mako biyu da suka wuce ya je ziyara ya ce zai fita da ita shan iska, ba a sake ganinsu ba. Valdemar ya ciro takardar kotu da ta ce shi ne mai kula da al'amuranta, ya shimfiɗa ta a kan teburina, a kan gari.

Firmino bai musa ko ɗaya ba. Murmushin nan nasa ya tafi, fuskarsa ta zama ta wani mutum dabam, wanda ya fi tsufa. Ya ce ita ta roƙe shi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a ranakun da hankalinta yake daidai. A nan ta yi hutun amarcinta, tana so ta ji zafin yashin nan a ƙashinta sau ɗaya kafin ta manta da shi. Ya ce tabon hannunta da shi ya ɗauko ta, ana ɗaure ta ne a kujera don kada ta faɗi. Valdemar ya ce ƙarya ne, tabon na ɗaukar da Firmino yake yi mata ne kamar buhun dankali. Aka zo kan kwalba, Firmino ya ce maganin ciwonta ne da likita ya rubuta, takardar jiki ta jiƙe a jaka ta ɓare.

Ɗan sanda ya je ya durƙusa kusa da matar, wadda Belmiro ya riga ya tono ya zaunar a kujera, ya tambaye ta ko dole aka yi mata. Ta ce ita ta ce a kawo ta. Ya tambaye ta ranar yau, ta faɗi wata shekara da ko ni ban yi aure ba lokacin. Ya miƙe ya sosa ƙeya. A ƙarshe bai tsare Firmino ba, amma takarda takarda ce: ɗan ne zai tafi da ita.

Na lura da abu guda, Belmiro ma ya lura. Duk tsawon awa gudan nan Valdemar bai taɓa jikin uwarsa ba. Abin da ya fara nema a hannun Firmino jakarta ce da makullan gida. Da aka zo sa ta a mota ya tsaya bai san ta inda zai kama ba, sai Firmino ne ya ɗauke ta ya zaunar, ya gyara mata siket. Amma kuma na ga Valdemar ya zagaya bayan motar ya tsaya, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Belmiro ya ce hancinsa yake fyacewa.

Firmino ya kwana ɗaya, washegari da yamma zai bi jirgin ruwa. Belmiro ya rufe ramukansa da wuri ya ce in raka shi tasha. Mun same shi zaune a kan akwatinsa. Ya ɗago ya gan mu, bai tashi ba.

Belmiro ya ce, "Me ya sa ka ce mini kai ɗan 'yar'uwarta ne?"

"Da na ce maka ni direba ne da aka kora, za ka binne ta?"

"A'a."

"To ka gani."

Yayana bai motsa ba. Idonsa yana kan wuyan hannun mutumin. Agogon zinare ne, tsoho, an huda sabuwar kafa a maɗaurin don ya kai. Firmino ya bi idonsa da kallo, ya ce na marigayi ne, ita ta ba shi a jirgi suna tahowa. Belmiro ya tambaye shi ko a ranar da hankalinta yake daidai ta ba shi, ko a ɗaya ranar. Firmino ya zuge aljihun akwati, ya ciro 'yar kwalbar nan, ya ɗora a tafin hannun Belmiro.

"Kai wa mai kantin maganinku. Shekara goma sha tara ina ɗaukar matar nan, Senhor Belmiro. Kai kwana goma sha biyu ka yi kana kallonta."

Ya ɗauki akwatinsa ya shiga layi.

Belmiro ya kai kwalbar. Mai kantin magani ya ce ba zai gane da ido ba, sai dai a aika Funchal. Aka aika. Bayan mako uku amsa ta zo: maganin rage ciwo ne da sa barci, irin wanda ake rubuta wa tsofaffi, kaɗan yana taimako, da yawa yana cutarwa. Belmiro ya tambayi mai kantin ɗigo nawa ne kaɗan. Ya faɗa masa. Yayana ya zo ya zauna a rumfata yana ƙoƙarin tuna ɗigo nawa ya ga ana zubawa, ya kasa. Shi da ke ƙirga komai, wannan bai ƙirga ba.

Hunturun nan bai yi masa daɗi ba. Otal-otal sun rufe tagogi, jirgin ruwa ya tafi gyara, ba wanda za a binne. Sau biyu ya karɓi wayata ya kira lambar. Na farko ba a ɗauka ba. Na biyu matar Valdemar ta ɗauka, ta ce surukarta tana lafiya, sun gode, ta kashe. Ya ce mini ta yi saurin cewa lafiya. Na ce da ta yi jinkiri ma cewa zai yi ta yi jinkiri. Ya ce haka ne.

Cikin Afrilu ya zo gidana da safe sanye da kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar mahaifiyarmu. Ya ce in riƙe masa makullin gidansa, zai je Viseu. Mutumin da ya shekara talatin bai taka ko Madeira ba. Sunan gidan tsofaffin ya gani a saman takardun da Valdemar ya baza a teburina, ya riƙe shi a kai tun lokacin. Na ɗaura masa burodi shida. Aníbal ya kai shi filin jirgi, ya dawo yana ba da labari a kasuwa cewa Mai Binne Masu Rai ya tambayi ma'aikaciyar jirgi sunan matuƙi da shekarunsa.

Kwana huɗu ya yi. Ranar da ya dawo ya fara cin abinci, ya wanke hannu. Sannan ya ba ni labari daki-daki.

Ya same ta a kujera kusa da taga, an taje mata gashi, an yanke mata farce, bargo a gwiwa. Ya duba damtsenta da dabara, ba tabo. Ya duba kujerar, akwai maɗauri a gefe, amma a kwance yake, ba a ɗaure ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ne mai shebur." Ya ce shi ne. Ta tambaye shi ko yashin ya yi zafi yau, ya ce bai riga ya yi ba, sai watan shida. Ta ce to za ta jira. Ya so ya ba ta haƙuri, ya fara, sai ta tambaye shi ko ya ga mijinta a hanya, da kankana.

Wata ma'aikaciya ta raka shi ƙofa. Ita ta gaya masa cewa ɗan yana zuwa duk Lahadi, ba fashi, ya zauna awa guda yana karanta mata jarida ko tana ji ko ba ta ji. An hana Firmino shiga, amma shi ma duk Lahadi yana zuwa, ya tsaya a tsallaken titi wajen tashar bas, daidai tagarta, har sai an ja labule. Belmiro ya tambaye ta wanne daga cikinsu matar take nema. Ta ce wani lokaci wannan, wani lokaci wancan, yawanci dai marigayin.

Na ce, "To yanzu hankalinka ya kwanta, Yaya?"

Ya ce gidan yana da tsabta ƙwarai, tsabtar ma ta yi yawa, kuma bai ga dalilin da zai sa ma'aikaciya ta ba baƙo labari haka a sauƙaƙe ba sai in an ce mata ta faɗa. Ya ce wanda ke zuwa duk Lahadi ba fashi, ko dai yana so ne ko yana so a ga yana zuwa. Wanda ke tsayawa a titi kuwa, shi ma haka.

Na tambaye shi, in da za a sake, zai kira?

Ya jujjuya kofinsa a kan tebur. Ya ce, "Da na bari ta cika kwana biyar ɗin."

Ya yi shekara huɗu bayan haka yana aikinsa, har ƙugunsa ya ƙi shebur. Labarin rasuwar Dona Idalina ya zo mana a shekara ta biyu, cikin ɗan kati mai baƙin gefe da aka aiko da sunansa, ba sa hannu. Ya ce rubutun jikin ambulan na namiji ne, amma bai san na wanne ba cikin biyun, ya ajiye katin a cikin akwatin takardunsa na soja. Yanzu yana da saba'in da ɗaya. Yakan zo rumfa wajen ƙarfe goma ya zauna a bencin da ke fuskantar hanya, ya taya ni ɓare tafarnuwa. In baƙi suka tambaye shi ko gaskiya ne yashin nan yana warkarwa, sai ya ce musu wasu sun ce sun ji sauƙi.